Yadda Za a Gyara Tallafin Gwamnati Don Intanet Mai Sauri Ya Isa Karkara

Aikina na shekaru shi ne zuwa duba ko abin da aka biya da kuɗin jama'a yana aiki. Idan kamfani ya rubuto cewa ya kammala kai intanet wani yanki na karkara, mu ake miƙa wa takardar, mu ɗauki na'urar awo da wayoyi biyu da kwamfuta mu kama hanya. Akwai ranar da har yau ba ta bar raina ba. Takarda ta ce an gama, an kuma biya. Turken sadarwar yana nan tsaye, fentinsa sabo, an kewaye shi da shinge. Da mai gadi ya buɗe mini akwatin da ke gindinsa, babu fitila ko ɗaya da ke ƙiftawa. Batiran sun kumbura. Farantan sola kuwa ƙura ta lulluɓe su, har da yatsa na rubuta kwanan wata a kan ɗaya kafin in ɗauki hoto. Ma'aikaciyar wani ƙaramin asibiti da ke kusa ta nuna mini tudun da take hawa duk ƙarshen mako don ta kamo sabis na wani turke mai nisa ta aika rahotonta. A taswirar hukuma, an shafa wa yankin nan launin waɗanda suka samu.

Tun daga ranar na tsaya a kan magana ɗaya: gwamnati ta daina biyan kuɗin ƙarfe da alkawari, ta riƙa biyan kuɗin intanet da aka auna aka tarar yana aiki a ƙofar gidan mutum. Duk abin da zan faɗa a ƙasa hanyoyi ne na kaiwa ga wannan. Na rubuta shi ne don ɗan majalisar da ke kwamitin sadarwa, da ma'aikacin hukuma, da ɗan jarida, da duk wata ƙungiyar al'umma da ta gaji da jira.

Dalilin tallafin ba boyayye ba ne. Kilomita ɗaya na wayar fayiba, wato zaren gilashi mai ɗauke da intanet, a birni kan bi ta ƙofar gidaje ɗaruruwa, a karkara kuwa sai ta wuce gida uku ko huɗu, alhali kuɗin haƙa ramin kusan ɗaya ne. Kamfani ba zai zuba jari inda ba zai fita ba. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ta ƙiyasta cewa a 2024 kashi 83 cikin 100 na mazauna birane na amfani da intanet, a karkara kuma kashi 48 ne. Wannan tazarar ce aka kafa asusun tallafi don cikewa, kuma ƙasashe da dama suna da shi.

Ku fara da littafin kuɗi. Ku nemi lambobi uku na kowace shekara: nawa aka tara, nawa aka ware, nawa suka fita suka isa hannun mai aiki. Kada ku yarda a ba ku biyu a riƙe ɗaya, domin a tsakanin ta farko da ta uku ɓarnar take kwanciya. Birazil ta kafa asusunta mai suna FUST a shekarar 2000, tana karɓar kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar kamfanonin sadarwa. An tara biliyoyin kuɗi, amma kusan babu abin da aka kashe a kan abin da aka tara su dominsa. Wani ɓangare na matsalar shi ne dokar ta ɗaure kuɗin ga wayar tarho ta girke, duniya kuma ta riga ta wuce nan. Sai a ƙarshen 2020 aka gyara dokar ta ba da damar kashe su a kan intanet. Shekara ashirin ke nan. A Indiya ana karɓar kashi 5 cikin 100, amma kuɗin kan fara shiga babban asusun gwamnati, daga nan a riƙa sakin abin da majalisa ta amince, shi ya sa abin da aka tara ya daɗe yana fin abin da aka saki nesa ba kusa ba.

Gyaran da za ku nema a nan a doka yake. A killace kuɗin yadda ba za a karkatar da su zuwa cike giɓin kasafi ba. A wajabta wallafa lissafinsu duk shekara, da sunan kowane kamfani da abin da ya karɓa da wurin da ya karɓa dominsa. A kuma rubuta manufar asusun da faɗi, kada a ɗaure ta da sunan wata fasaha da za ta tsufa. Ku duba har inda kuɗin ke fitowa. Amurka ta ɗora nata harajin ne a kan kuɗin kiran waya tsakanin jihohi da ƙasashen waje, kasuwar da ke ta raguwa, sai kason da ake cirewa ya yi ta hawa har ya haura 30 cikin 100 a 2021. Asusun da ya jingina da bango mai zaizayewa ba ya daɗewa a tsaye.

Bayan kuɗi sai taswira, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin taswirar ƙarya ta fi rashin taswira illa. Wanda ba a san da shi ba yana iya ɗaga murya a ji shi. Wanda aka rubuta cewa ya samu kuwa an rufe masa ƙofa, duk shirin da ya zo zai tsallake shi.

Shekaru da yawa hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, tana lissafi ne da ƙananan yankunan ƙidaya. Idan kamfani ya ce yana iya kai wa gida ɗaya tak a yankin, sai a ɗauka duk yankin ya samu. A birni wannan ba ya yin ɓarna sosai, amma a karkara yanki ɗaya kan miƙe kilomitoci masu yawa. Sai da majalisarsu ta yi doka a 2020, sannan a Nuwamban 2022 aka fito da sabuwar taswira mai nuna gini ɗaya bayan ɗaya, wadda kowa zai iya shiga ya ƙalubalanci abin da aka rubuta a kan gidansa. Abin koyi ke nan, ko da ƙasa ba ta da ƙarfin yin irin tasu sak.

Yawancin taswirorin sabis na wayar hannu da na gani kwamfuta ce ta zana su. Ana ba ta tsawon turke da ƙarfin na'ura, ita kuma ta zana da'ira. Sau da yawa lissafin ba ya kama kwarin da ƙauye yake ciki, ko itatuwan da ke cika da ganye idan damina ta sauka, ko kaurin bangon ɗaki. Saboda haka ku nemi abu uku a kan taswira. Kamfani ya rantse a kan abin da ya miƙa, da tara mai ciwo idan ya ƙara gishiri. Hukuma ta riƙa tura masu awo na kanta wuraren da ta zaɓa ba tare da sanarwa ba. Sannan a buɗe wa jama'a hanyar ƙorafi mai sauƙi, wadda idan mutanen wuri suka kawo shaida, nauyin kare kai ya koma kan kamfani. Kada a saki ko sisi na sabon shiri kafin a ba mutane wa'adin gyara taswirar.

Sai batun saurin da za a saya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne sayen abin da ya isa yau da kuɗin da za a yi shekaru ana biya. A 2015 manyan kamfanonin waya na Amurka sun karɓi tallafin kusan dala biliyan ɗaya da rabi a kowace shekara, na tsawon shekara shida, don kai saurin megabit 10 na saukewa da 1 na ɗorawa (megabit a kowace daƙiƙa shi ne ma'aunin saurin intanet). A shekarar nan ɗin dai FCC ta ayyana cewa intanet mai sauri yana farawa ne daga 25 da 3. Kafin a gama aikin ya riga ya zama tsohon yayi, aka dawo ana sake biyan kuɗin wuraren. A Maris na 2024 ma'aunin ya koma 100 da 20. Ku sa a rubuta a kwangila cewa saurin zai riƙa hawa a tsawon wa'adin, kuma kada ku raina lambar ɗorawa. Da ita ɗalibi ke tura aikinsa, da ita ma'aikacin lafiya ke nuna wa likita na nesa hoton rauni.

Ra'ayina a kan fasaha shi ne fayiba ta fi komai daɗewa, domin zaren gilashin da aka binne yana nan shekaru masu yawa, na'urorin bakinsa biyu kawai ake sauyawa idan ana son ƙarin sauri. Amma na je wuraren da gidaje suka warwatsu har kai musu waya zai cinye kuɗin ƙauyuka goma. A can turke mai kyau ko tauraron ɗan'adam shi ne hankali. Doka ta faɗi abin da ake so mutum ya samu, injiniyoyi su kawo hanyar, hukuma kuma ta lissafa kuɗin kowace hanya na shekara goma ko ashirin, har da gyara da sauya kayan da suka mutu.

Yanzu ga inda aka fi yin asara: yadda ake zaɓen wanda za a ba aikin. Hanyar da ta yi suna ita ce gwanjo na baibai, inda wanda ya nemi tallafi mafi ƙanƙanta shi ke ci. Chile ta gwada shi tun tsakiyar shekarun 1990 wajen kai wayar tarho ta jama'a ƙauyuka, ya kuma rage mata kashe kuɗi ƙwarai, ƙasashe suka yi ta kwaikwayo. Dabarar tana da kyau. Hatsarinta shi ne wanda ya fi kowa iya alkawari yana iya doke wanda ya fi kowa iya aiki.

Abin da ya faru ke nan a gwanjon RDOF, shirin Amurka na tallafa wa kai intanet karkara. A Disambar 2020 aka sanar da cewa an raba dala biliyan 9.2 na shekara goma. Wani ƙaramin kamfani, LTD Broadband, ya ci kimanin dala biliyan 1.3 a jihohi 15, aikin da ya fi ƙarfinsa ninkin ba ninkin. Starlink, mai kai intanet ta tauraron ɗan'adam, ya ci kusan dala miliyan 885. Sai bayan gwanjon aka zauna binciken ƙwaƙƙwafi, a Agustan 2022 FCC ta ƙi amincewa da su biyun. An kuma gano cewa cikin wuraren da aka yi gwanjonsu har da filayen ajiye motoci da filayen jirgin sama. Abin da ya fi ci mini rai shi ne halin da mutanen wuraren suka shiga. Duk tsawon lokacin da ake ta bincike, an ɗauka an riga an yi musu tanadi, don haka wasu shirye-shiryen tallafi suka tsallake su. Sun rasa na farko, sun rasa na biyu.

Darasin a fili yake. A tantance kafin gwanjo. Mai nema ya nuna aikin da ya taɓa yi, da lissafin kuɗinsa da aka bincika, da zanen yadda zai kai sabis wurin da yake nema, sannan a taƙaita girman abin da zai iya ci daidai da ƙarfinsa. A sa wa'adi gajere: wanda ya ci bai fara ba cikin lokacin da aka yanka, a karɓe wurin a mayar da shi kasuwa nan take.

Sai dai kada a garin toshe wannan ƙofa a rufe wa ƙanana hanya. Shirin BEAD na kai intanet mai sauri da Amurka ta ware wa dala biliyan 42.45 a 2021 ya zo da sharaɗin kamfani ya kawo kashi 25 cikin 100 na kuɗin aikin daga aljihunsa, ya kuma kawo takardar lamuni ta banki ta wani kashi 25. Ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyin gama-kai suka yi kuka cewa wannan zai fitar da su, aka sassauta a 2023. Matakan amincewa kuma sun yi yawa har shekara uku ta wuce ba a haɗa gida ko ɗaya da kuɗin shirin ba. Tsantseni yana da nasa farashin, kuma mutanen karkara ke biyansa da shekarunsu. Abin da na ga ya fi aiki shi ne lamunin da ke raguwa yayin da aiki ke ci gaba, yadda mai gaskiya zai samu sauƙi da wuri.

Ga zuciyar gyaran: yadda ake sakin kuɗi. A raba su kashi-kashi. Kaɗan a farko don a fara, wani kaso idan an gina, kaso mai tsoka kuma a riƙe shi a riƙa saki duk wata uku ko shida muddin awo ya nuna sabis yana aiki. Turken da na ba ku labari ya mutu ne saboda an biya kuɗin gina shi gaba ɗaya, babu wanda aka ɗora wa sauya batir, ko wanke farantan sola, ko biyan kuɗin layin da ke haɗa shi da babbar hanyar intanet. A wurare da yawa kuɗin tafiyar da turke na shekaru, musamman wutarsa, shi ne ke kayar da shi. Duk kwangilar da ba ta ambaci wanda zai ɗauki wannan nauyin ba, ku mayar da ita.

Awon kansa yana da ƙa'ida. A yi shi da yamma zuwa dare, lokacin da kowa ya hau, domin da hantsi kowane layi gwani ne. FCC ta wajabta wa masu karɓar tallafinta yin gwaji tsakanin ƙarfe shida na yamma da sha biyun dare, a gidajen masu amfani da aka zaɓo ba da son kamfani ba. A yi shi a gidan da ke can ƙarshen yanki, a cikin ɗaki, da irin wayar da mutanen wurin ke riƙewa. A maimaita shi a lokacin ruwan sama. A ƙirga har awannin da sabis ya ɗauke a wata, don saurin da ke zuwa kwana uku ya ɓace kwana huɗu ba ya riƙe makaranta ko asibiti. Mai awon kuma kada albashinsa ko motar da ta kai shi su fito daga kamfanin da yake dubawa. An sha ba ni mota da direba, na kuma lura cewa direban ya san wuraren da sabis ke da ƙarfi fiye da yadda ya san hanya. Tun daga nan nake zuwa da tawa, nake zaɓen inda zan tsaya.

Ku kuma sa sharaɗin dawo da rara. Birtaniya ta yi wannan a kwangilolinta da kamfanin sadarwa na BT. An lissafa tallafin ne a kan cewa kashi 20 cikin 100 na gidaje za su karɓi layin, da sharaɗin idan suka fi haka kamfanin zai mayar da wani abu. Mutane suka karɓa fiye da zato, a 2015 aka sanar da dawo da kuɗin da suka kai fam miliyan 129 don a ƙara faɗaɗa aikin. Sharaɗi ne na layi kaɗan a takarda, amma sai an rubuta shi tun farko.

Haka nan duk wayar da aka binne da kuɗin jama'a a buɗe ta ga kowane kamfani ya yi haya, a kan farashin da ake sake dubawa lokaci-lokaci. Peru ta shimfiɗa babbar hanyar fayiba ta kimanin kilomita 13,500, amma aka kafe farashin haya a cikin kwangila. Farashin kasuwa ya faɗi, nata ya tsaya cak, masu haya suka koma wajen wasu, wayar ta zauna kusan babu kowa a kanta har gwamnati ta soke kwangilar a 2021.

Akwai gyaran da ba ya cin kuɗin asusu ko kaɗan. Haƙa rami shi ne kaso mafi girma na kuɗin fayiba, don haka duk lokacin da ake gina hanya ko shimfiɗa bututun ruwa a binne bututun waya tare. A rage kuɗin izinin haƙa, a sa wa masu ba da izini wa'adin amsawa. A sauƙaƙa lasisi ga ƙungiyoyin al'umma. A karkarar Lancashire ta Ingila mutane sun kafa ƙungiyar intanet ta al'umma mai suna B4RN a 2011, manoma suka ba da hanya ta gonakinsu kyauta, 'yan sa-kai suka yi haƙa, suka kai wa kansu saurin gigabit guda, wato megabit dubu, a wuraren da manyan kamfanoni suka ƙi zuwa. Dokar asusu ta ba irin waɗannan damar neman tallafi kamar kowa.

Kai waya ƙofar gida rabin aiki ne idan mai gidan ba zai iya biya ba. Ma'aunin da hukumar intanet mai sauri ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi ne kada ƙaramin tsari ya wuce kashi 2 cikin 100 na matsakaicin abin da mutum ke samu a wata. Ku sa a kwangila cewa dole a samar da tsari mai rahusa, da farashinsa a rubuce. Idan za a tallafa wa masu amfani kai tsaye, a samo masa tushen kuɗi mai ɗorewa. Shirin ACP na Amurka ya riƙa rage wa gida dala 30 a wata daga kuɗin intanet, gidaje sama da miliyan 23 suka shiga, kuɗin suka ƙare aka rufe shi a tsakiyar 2024.

Idan kuma ba ku da kujera a majalisa ko a hukuma, kuna da abin farawa da shi gobe. Ku samu mutum biyar ko goma a sassa daban-daban na yankinku, kowa ya sa manhajar gwajin sauri a wayarsa. Kowace rana a gwada sau biyu, da safe da kuma bayan faɗuwar rana, a ɗauki hoton fuskar wayar. A littafi guda a rubuta kwanan wata, da lokaci, da wurin da aka tsaya, da sunan layin, da lambar saukewa da ta ɗorawa. Ranar da babu sabis sam a rubuta babu, da awannin da ya yi a ɗauke. Ku yi haka wata guda cur. Sannan ku nemi hukuma ta ba ku a rubuce abin da taswirarta ta ce game da yankinku, da sunan shirin da aka biya dominsa idan akwai, da saurin da aka yi alkawari. Ku haɗa takardun biyu wuri ɗaya, ku kai kwafi ga hukumar sadarwa, kwafi ga wakilinku a majalisa, kwafi ga mai binciken kuɗin gwamnati, ku tabbatar an buga muku hatimin karɓa a kan naku kwafin kafin ku bar kowane ofis.